Daga Akurki Zuwa Akushi: Yadda Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani Ke Biyo Abinci

Gabatarwa

A ɗauka an kai wani yaro ɗan shekara huɗu asibiti yana fama da gudawa da zazzaɓi mai zafi. Likita ya duba shi, ya sa aka gwada jininsa, aka tarar ƙwayar cutar da ake kira Salmonella ta bar hanji ta shiga jini. Sai ya rubuta masa allurar da aka saba warkar da irin wannan ciwo da ita. Aka kwana biyu, aka kwana uku, jiki bai yi sauƙi ba. Da sakamakon gwaji na biyu ya fito, sai ya nuna cewa ƙwayar cutar ba ta jin wannan magani ko kaɗan. Abin mamaki kuwa shi ne, tun da aka haifi yaron ba a taɓa yi masa wannan allura ba. To, a ina ƙwayar cutar ta san maganin, har ta iya kare kanta daga gare shi?

Ɗaya daga cikin amsoshin da masana suka tabbatar ita ce, kakannin wannan ƙwayar cuta sun gamu da maganin, ko wani ɗan'uwansa, a cikin hanjin kaza ko saniya, sa'an nan jikokinsu suka biyo abinci suka iso wurin yaron. Wannan maƙala za ta bi sawun tafiyar tasu mataki-mataki, ta kawo hujjojin da suka tabbatar da ita, ta kuma nuna wuraren da za a iya datse hanyar.

Bakteriya da magungunan kashe ta

Bakteriya halitta ce mai rai wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. In aka jera ƙwayoyin Escherichia coli, wadda ake taƙaita sunanta da E. coli, guda 500 kai da kai, tsawonsu bai fi milimita ɗaya ba. Yawancin bakteriya ba su da illa. Su ne ke mai da madara kindirmo, kuma akwai biliyoyinsu a hanjin kowane mutum da kowace dabba suna taimakawa wajen narka abinci. Kaɗan ne daga cikinsu ke haddasa cuta, kamar tarin fuka da kwalara da taifot.

Bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar rabuwa biyu. In E. coli ta sami ɗumi da abinci, takan rabu kowane minti 20. Wannan na nufin ƙwaya ɗaya tak za ta iya zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan lissafi, domin a kansa sauran bayanin ya dogara.

Magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik, sun samo asali ne daga fenisilin da Alexander Fleming ya gano a birnin Landan cikin 1928, aka kuma soma amfani da shi sosai a shekarun 1940. Kowane irinsu yana da wurin da yake kai wa hari. Fenisilin yana hana bakteriya gina bangon da ke kewaye da jikinta, sai ta fashe. Tetirasaikilin kuwa yana hana ta ƙera sinadaran gina jiki. Ba sa aiki a kan bairos, watau ƙwayar cutar da ke kawo mura da ƙyanda, domin ita ba ta da waɗannan sassa.

Wane ne ya saba da magani?

Sau da yawa akan ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani kaza, shi ya sa ba ya yi masa aiki. Wannan magana ba daidai ba ce dangane da antibayotik. Jikin mutum ba ya sabawa da shi. Bakteriyar da ke cikin jikin ce ta canza.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da bakteriya za ta rabu biyu, sai ta kwafi sinadarin gadonta, wanda ake kira DNA. A cikin miliyoyin kwafi, jefi-jefi akan sami ɗan kuskure, kuma wani kuskuren yakan ba ƙwayar da ta same shi wata kariya daga magani. Akwai kuma ƙwayoyin gado na kariya da suka daɗe a cikin bakteriyar ƙasa tun kafin ɗan'adam ya san antibayotik. Kariyar takan zo ta fuskoki uku. Wata bakteriyar tana fitar da sinadarin da ke farfasa maganin kafin ya taɓa ta. Wata tana da ɗan famfo a jikinta da ke fitar da maganin waje da zarar ya shigo. Wata kuwa sauya siffar wurin da maganin ke kamawa take yi, kamar wanda ya canza kwaɗon ƙofarsa, tsohon mabuɗi ya daina buɗewa.

Muddin babu magani, masu kariyar nan 'yan tsiraru ne a cikin taro. Da zarar magani ya shigo, sai ya yi aikin rariya: ya kashe marasa kariya, ya bar masu ita. Su kuwa da suka ga fili da abinci babu abokin takara, sai su shiga rabuwa kowane minti 20, kafin a ankara sun cika wurin. Ashe maganin bai koya wa bakteriya kome ba. Tankaɗe da rairaya kawai ya yi. Rairayar ta fi muni in maganin ya yi kaɗan, ko aka daɗe ana ba da shi kaɗan-kaɗan, domin a nan ne ake kashe maciji ba a sare kansa ba. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel cikin 1945.

Gadon da ake bayarwa a raye

Da a ce bakteriya 'ya'yanta kaɗai take gadar wa kariya, da abin ya zo da sauƙi. Amma a ƙasar Japan cikin shekarun 1950, likitoci suka lura cewa Shigella, ƙwayar cutar da ke kawo atuni, ta soma bijire wa magunguna huɗu a lokaci guda. Kuskuren kwafi ba zai iya kawo haka farat ɗaya ba. A 1959 masu bincike na ƙasar suka nuna cewa in an haɗa E. coli mai bijirewa da Shigella mai jin magani a kwalba guda, sai ta biyun ta karɓi kariyar ta farkon gaba ɗaya.

Sirrin yana cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, wanda ke zaune daban da babban kundin gadon bakteriya. Ƙwayoyi biyu sukan matso kusa, ɗaya ta miƙa wani siririn zare ta kama ɗayar, sa'an nan ta tura mata kwafin zoben. Ba lalle sai jinsinsu ɗaya ba. Zobe guda kuma yana iya ɗauke da kariyar magunguna uku ko huɗu ko fiye, saboda haka amfani da magani ɗaya yakan raya masu bijire wa sauran.

Muhimmancin wannan ga batun abinci a fili yake. Bakteriyar da ta fito daga hanjin kaza ba sai ta sa wa mutum ciwo ba kafin ta yi ɓarna. Ya isa ta ratsa hanjinsa ta bar wa mazauna wurin zobenta. Mutum zai ci gaba da harkokinsa lafiya lau, sai ran da wata E. coli ta hanjinsa ta shiga mafitsara ko jini, a nemi magani a tarar ba ya ci.

Yadda magani ya shiga abincin dabbobi

Cikin 1948, wasu masu bincike biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suka ciyar da 'yan tsaki da tukar da ta rage bayan an tace wani antibayotik ɗan dangin tetirasaikilin. Suka ga 'yan tsakin sun fi sauran saurin girma, daga baya suka gane cewa ɗan maganin da ya saura cikin tukar ne sanadi. A 1951 hukumomin Amurka suka amince a riƙa zuba antibayotik a abincin dabbobi. Dabarar ta bazu a duniya, domin tana da arha, tana kuma rufe asirin gidan gona mai cunkoso da ƙazanta.

A lura da irin wannan amfani: magani kaɗan, kullum, ga dubban dabbobi masu lafiya. Babu yanayin da ya fi wannan dacewa da rairayar da aka bayyana a baya. Bayan ɓarkewar Salmonella mai bijire wa magani a cikin maruƙa a Ingila, wani kwamiti ƙarƙashin Michael Swann ya ba da shawara a 1969 cewa kada a yi amfani da magungunan da ake warkar da mutane da su wajen ƙara wa dabbobi ƙiba. Suwidin ta hana al'adar a 1986, Tarayyar Turai a 2006, Amurka kuwa sai a 2017 ta hana ta a kan magungunan da ke da muhimmanci ga mutane. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 73 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya, dabbobi ake ba.

Hanyoyin da suke bi

Hanya ta farko ita ce nama. Tsokar dabba mai lafiya ba ta ɗauke da bakteriya; a hanji da fata suke. Wurin fiɗa ne ko wurin figa ake gamutsa su, in hanji ya fashe, ko aka ajiye nama a ƙasa, ko aka tsoma kaji hamsin cikin ruwan garwa ɗaya. Dahuwa sosai tana kashe bakteriya, mai bijirewa da marar bijirewa, domin kariyar magani ba kariyar wuta ba ce. Haɗarin yana ga wuƙa da katako da hannu. In mai tsire ya yanka ɗanyen nama, ya kuma yanka albasa da tumatir da wuƙar ba tare da ya wanke ta ba, to naman ya gasu amma albasar ta kwashi abin da wuta ta kore.

Ta biyu ita ce madara da ƙwai. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko bakteriya daga hantsar saniya ko hannun mai tatsa. Salmonella kuma takan kasance a bayan ɓawon ƙwai, wani jinsinta ma har a cikinsa.

Ta uku ita ce taki da ruwa. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma ɗanyensa cike yake da bakteriyar hanji, haɗe da maganin da ya fita daga jikin kazar bai narke ba. In aka zuba shi a lambu, ko aka yi ban ruwa da ruwan kwata, sai latas da kabeji da karas su ɗauka, ga shi kuwa ɗanye ake cin su.

Ta huɗu ita ce cuɗanya. Mai kiwo da mahauci da iyalansu sukan ɗauka kai tsaye, su kuma kai wa wasu.

Wajibi ne a bambanta wannan matsala da 'yar'uwarta, watau ragowar magani a cikin nama ko ƙwai ko madara. Ita ragowar sinadari ce, ba ta da rai, kuma dahuwa ba ta cika kawar da ita duka ba. Maganinta shi ne kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, tsakanin ranar da aka daina ba dabba magani da ranar da za a yanka ta ko a sha nononta.

Hujjoji uku

Kimiyya ba ta karɓar zato sai da hujja. Hujja ta farko gwaji ce da Stuart Levy na Jami'ar Tufts ya gudanar a wata gona kusa da birnin Boston na Amurka, aka buga sakamakonsa a 1976. Ya raba kaji kashi biyu, ya sa wa kashi ɗaya tetirasaikilin a abinci. Cikin mako guda kusan dukkan bakteriyar hanjin waɗannan kaji sun zama masu bijirewa. Bayan wata biyar zuwa shida, kimanin kashi 31 cikin 100 na samfurin bayan gidan mutanen gonar ya nuna masu bijirewa sun yi rinjaye ƙwarai, alhali na maƙwabtansu bai kai kashi 7 ba. Mutanen gonar kuwa ba su sha maganin ba.

Hujja ta biyu daga lardin Kwibek na ƙasar Kanada ta fito, kuma ita ce ta fi kama da labarin yaron nan. Masu ƙyanƙyasar kaji a can sun kasance suna yi wa ƙwai allurar wani magani mai suna seftiyofur kafin a ƙyanƙyashe, don kada 'yan tsaki su kamu da ciwon cibiya. Ba a ba mutane seftiyofur, amma ɗan'uwa ne na kusa ga seftiriyazon, allurar da likitoci ke dogara da ita in Salmonella ta tsananta a jikin yara da masu juna biyu. Bakteriyar da ta bijire wa ɗaya, galibi ta bijire wa ɗayan. Da hukumar sa ido ta ga bijirewar tana hawa a naman kaji da kuma jikin marasa lafiya a tare, sai masu ƙyanƙyasar suka yarda suka dakatar da allurar a farkon 2005. Zuwa 2006, bijirewar wani jinsin Salmonella mai suna Heidelberg ta faɗo daga kashi 62 zuwa kashi 7 cikin 100 a naman kaji na kasuwa, ta kuma faɗo daga kashi 36 zuwa kashi 8 a jikin mutane. A 2007 wasu suka koma yin allurar, sai bijirewar ta sake ɗagowa. Abin da aka yi wa ƙwai a ɗakin ƙyanƙyasa, sai ga shi ya bayyana a gadon asibiti. Cikin 2014 masu kiwon kajin Kanada suka hana wannan amfani baki ɗaya.

Hujja ta uku ta shafi kolistin, tsohon maganin da likitoci suka jingine saboda yana taɓa ƙoda, suka kuma dawo gare shi a matsayin makami na ƙarshe da sauran suka gaza. A wannan tsakani ana ta zuba shi a abincin aladu da kaji a ƙasar Sin. A watan Nuwamban 2015 masu bincike suka ba da sanarwar gano wata ƙwayar gado mai suna mcr-1, wadda ke kare bakteriya daga kolistin, kuma a kan filasmid take. Sun same ta a kashi 21 cikin 100 na dabbobin da suka gwada, da kashi 15 na ɗanyen nama, da kashi 1 na marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Ba a daɗe ba aka tarar da ita a nahiyoyi da dama, har da Afirka. Sin ta hana sa kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna mcr-1 ta ragu a dabbobi da mutane.

Gemun ɗan'uwa

Babban tushen bijirewa a jikin mutane shi ne yadda su kansu mutane ke shan antibayotik barkatai. Ƙwayar taifot, alal misali, a jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa, bijirewarta ba daga dabba ta zo ba. Hanyar abinci ƙari ce a kan wannan, kuma kogi ɗaya suke kwarara. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Hausa ya san ana sayen kafso a kemis ko a faifan ɗan talla ba tare da takardar likita ba, a ɓare shi a zuba wa kaji a ruwa. Kiwon kajin gidan gona kuma ya shigo har cikin gidaje, kusa da madafi da wurin wasan yara. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan yaƙi da wannan matsala a 2017, wanda ya haɗa ɓangarorin lafiyar mutane da ta dabbobi da muhalli, a shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manoma su daina ba dabbobi masu lafiya antibayotik.

Ga mai kiwo, rigakafi ya fi magani. Ya rage cunkoso, ya tsabtace keji da mazubin ruwa, ya ware marar lafiya, ya yi allurar rigakafi a kan kari. Cututtukan Niyukasul da Gumboro da ke karkashe kaji bairos ne ke kawo su, kafso ba ya taɓa su. Rigakafinsu kuwa ana yin sa a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. In dabba ta kamu da ciwo, a nemi likitan dabbobi, a ba da abin da ya ce, a kiyaye kwanakin jira. Kashin kaji kuma a tara shi ya ruɓe ya yi zafi kafin a kai lambu.

Ga mai girki, a dafa nama har zafin cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, watau har ya zama babu sauran ja a jikin ƙashi. A tafasa madara. A ware wuƙa da katakon ɗanyen nama, a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. Ga kowa da kowa, kada a sha antibayotik sai likita ya rubuta, a kuma sha shi yadda ya tsara.

Kammalawa

An ga cewa magani rariya ne da ke raya masu bijirewa, cewa filasmid yana kai kariya daga wannan bakteriya zuwa waccan, kuma nama da madara da ganye da hannu su ne gadar da ke tsakanin dabba da mutum. Darasin Kwibek shi ne mafi amfani ga mai kiwo da mai mulki: da aka janye maganin daga ƙwai, cikin shekara biyu allurar yara ta dawo tana aiki a kan yawancin masu cutar.

Aikin aji

Malami ya kawo farin wake da jan wake. A zuba fari 96 da ja 4 a faranti. Fari shi ne bakteriya mai jin magani, ja kuwa mai bijirewa. A kowane zagaye, ɗalibin da ke matsayin magani ya kwashe kashi uku cikin huɗu na farin, kada ya taɓa jan. Sa'an nan a ninka abin da ya rage na kowane launi, alamar rabuwa biyu. Bayan zagaye na farko za a sami fari 48 da ja 8, bayan na biyu fari 24 da ja 16, bayan na uku fari 12 da ja 32. Ɗalibai su zana jadawali, su lissafa kason ja cikin 100 a kowane zagaye.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba daidai ba ne a ce jikin mutum ya saba da antibayotik?
2. Bayyana hanyoyi uku da bakteriya ke kare kanta daga magani.
3. Mene ne filasmid, kuma me ya sa bakteriya marar cutarwa za ta iya zama haɗari saboda shi?
4. Bambanta tsakanin ragowar magani a nama da bakteriya mai bijirewa. Wanne ne dahuwa ke kawarwa?
5. A labarin Kwibek, me ya sa dawowar bijirewa bayan 2007 ta ƙara wa hujjar ƙarfi?
6. Ziyarci wurin figar kaji ko lambu mafi kusa, ka rubuta wurare uku da bakteriya za ta iya tsallakawa zuwa abinci, da yadda za a toshe kowanne.